Zoben daimon na baiko: abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗinka

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni saurayi ne a nan Damagaram, an sa mana rana bayan babbar salla. Yarinyar da zan aura ta nuna tana son zoben daimon irin wanda take gani a hannun amare a waya, ni kuma ina son in faranta mata. Na tara jaka 900 na sefa. Wani ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ya nuna mini wani zobe, ya ce zinariya 18 ce, dutsen kuma karat ɗaya, zai bar mini a jaka 600. Ya ɗora wa dutsen wani abu mai kama da biro, abin ya yi ƙara, ya ce shaida ke nan. Akwai kuma ɗan kati mai hoton zoben. Ya ba ni kwana uku in yi shawara. Ban taɓa riƙe daimon a hannuna ba. In saya ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ka saya cikin kwana ukun nan. Ba muna cewa mutumin macuci ba ne, yana yiwuwa shi ma abin da aka gaya masa a can yake maimaita maka. Amma duk abin da ya nuna maka, babu ko ɗaya da ya tabbatar da abin da za ka biya kuɗi a kansa.

Zoben da ke gabanka kaya biyu ne aka haɗa, kuma kowanne da hukuncinsa. Zinariya abu ce da mutanenmu suka sani. Kowace uwa a unguwar Birni ko Zango ta san in ta kai sarƙarta wurin maƙeri zai ɗora a sikeli, ya goga a dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid, ya faɗi kuɗinta nan take. Dutsen ba haka yake ba. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a kan daimon ido bai san kimar ba, ko da idon wanda ya daɗe a sana'ar ne, sai da kayan aiki. Saboda haka abu na farko da za ka nema wurin kowane mai sayarwa shi ne ya raba maka farashi biyu: nawa ne kuɗin zinariyar da aikinta, nawa ne kuɗin dutsen. Wanda ya ƙi rabawa, akwai abin da ba ya so ka lissafa.

Lissafin zinariyar mai sauƙi ne. Tsantsarta ita ce 24. Mai lamba 18 kashi 75 cikin ɗari ce zinariya, shi ya sa za ka ga an buga 750 a cikin zoben. Mai 21 ana buga mata 875, mai 22 kuma 916, mai 14 ana buga 585. Matanmu sun fi son 21 da 22 don jan launinsu da darajarsu wurin sayarwa, amma suna da taushi, faratan da ke riƙe dutse saurin buɗewa suke yi. Don haka 18 ita ce daidai ga zoben daimon, a nan ɗan kasuwar bai kauce ba. Sai dai tambari ana iya buga shi a kan kowane ƙarfe, ka kai zoben wurin maƙerin da kai ka zaɓa ya gwada. Zobe mai dutse ɗaya yakan kai giram 2.5 zuwa 4. A ce naka giram 3 ne bayan an cire nauyin dutsen: zinariya tsantsa a cikinsa giram 2.25 ce. In giram na tsantsa yana jaka 80 a ranar, misali kawai muka bayar, ka tambayi farashin ranar, to zinariyar ta jaka 180 ce, sai a ƙara kuɗin aiki. Duk abin da ya rage daga jaka 600 ɗin nan, kuɗin dutse ne, kuma a nan ne tambayar take.

Kalmar karat tana rikita mutane domin abu biyu take nufi. A zinariya tana nuna tsarki, a dutse kuwa nauyi ne: karat ɗaya giram 0.2, wato karat biyar ne giram ɗaya. Daimon na ƙasa mai karat ɗaya, mai kyan yanka da takardar ƙwarai, maganar miliyoyin sefa ake yi a kansa a ko'ina cikin duniya, har a Dubai ɗin. Babu wanda zai ɗauko shi ya biya jirgi ya kawo maka Zinder a ƙasa da jaka 500. To me ke cikin zoben? Ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne.

Zai iya zama zirkon na masana'anta, wanda ake rubutawa CZ, dutsen da ke cike da ɗan kunne da sarƙoƙin da ake sayarwa a Kasuwar Dole. Shi ba ya sa biron nan ƙara, in dai biron lafiyarsa ƙalau kuma bakinsa bai taɓa ƙarfen zoben ba. Zai iya zama mosanait, dutsen da ake ƙerawa daga sinadarin silikon da kabon, mai ƙyalli har fiye da daimon. Biron da aka nuna maka zafi yake aunawa, yana duba saurin da dutse ke janye zafi daga bakinsa, mosanait kuwa yana janyewa kusan kamar daimon, sai biron ya yi ƙara. Zai iya zama daimon na masana'anta, wanda ake renonsa cikin injin a makonni kaɗan. Wannan daimon ne na gaske ta fuskar sinadari da tauri da ƙyalli, biro ba ya bambanta shi da na ƙasa, idon maƙeri ma haka, sai manyan na'urorin ɗakunan gwaji. Farashinsa ya faɗi ƙwarai a ƴan shekarun nan. A 2018 babban kamfanin haƙar daimon De Beers ya fito da nasa yana sayar da karat ɗaya dalar Amurka 800, daga baya farashin kasuwa ya gangara ƙasa da haka. Na huɗu, zai iya zama na ƙasa amma mai muni: rawaya, mai tsaga, ko wanda aka cike tsagarsa da wani abu mai kama da gilashi don ta ɓuya. A farashin da aka faɗa maka, zatonmu ya fi ƙarfi a kan na masana'anta ko mosanait. Ba laifi ba ne a sayar da su, kuma ba laifi ba ne a saya. Laifin shi ne a sayar maka da ɗaya da sunan ɗaya.

Akwai abin da za ka iya dubawa da kanka. Ka nemi madubin maƙera mai ƙara girma sau 10, wanda suke kira lup. Ka goge dutsen, ka kawo madubin dab da idonka, ka leƙa ta gefen saman dutsen a karkace, kana kallon layukan da suka gangara zuwa tsininsa. In ka ga kowane layi ya zama biyu kamar idonka ya yi gizo, mosanait ne, domin yana raba haske gida biyu, daimon kuwa ba ya yi. In gefunan fuskokin sun yi laushi kamar an lashe su, ko suna da ƴan karce, zirkon ne ko gilashi, na daimon kaifi gare su kamar bakin reza. In dutsen a cire yake, awo ya fi komai faɗin gaskiya: daimon zagayayye mai karat ɗaya faɗinsa wajen milimita 6.4 zuwa 6.5 ne. Zirkon mai wannan faɗin zai kai karat 1.7 a sikeli don ya fi nauyi nesa, mosanait kuma zai ɗan gaza karat ɗaya. Gwajin karce gilashi da ake yawan yi ba ya nuna komai, zirkon ma yana karce gilashi. Kada kuma ka bari wani ya ce a buga masa guduma: daimon ya fi kowane dutse na halitta wuyar karcewa, amma yana da jijiyar da in aka doke shi a kai zai tsage.

Duk waɗannan gwaje-gwajen za su kore maka jabu ne kawai. Ba za su raba maka na ƙasa da na masana'anta ba, ba kuma za su gaya maka darajar dutsen ba. Wannan aikin takarda ne, kuma ba kowace takarda ba. Katin da shago ya buga da kansa, mai hoton zobe da wani babban farashi, talla ce, mai kaya ne yake yabon kayansa. Takardar da ake dogara da ita ta ɗakin gwaji ce mai zaman kansa wanda ba ya saye ba ya sayarwa. Wadda ta fi karɓuwa ita ce ta GIA, cibiyar Amurka da aka kafa a 1931, ita ce ma ta tsara ma'aunin da duniya ke bi yau. Sai IGI da HRD, dukansu asalinsu birnin Antwap na ƙasar Beljiyam. Kowace takarda tana da lamba. Ka shiga shafin cibiyar a wayarka, ka rubuta lambar, bayanin dutsen zai fito. Yawancin duwatsun kuma an rubuta musu lambar da hasken leza a ƙugunsu, wato siririn gefen da ya raba sama da ƙasa, rubutu ƙanƙane da sai da madubi ake karanta shi. Ka ga lambar da idonka, ka gwada ta da ta takarda. Na masana'anta takardarsa tana faɗa ƙarara, za ka ga Laboratory-Grown ko harufan LG, a takardun Faransa kuma synthétique. Kada ka tsaya a lamba kaɗai, domin an sha kama duwatsun masana'anta da aka yi musu rubutun lambar wani dutse na ƙasa. Takarda tana ɗauke da faɗi da zurfin dutsen a milimita har ɗigo biyu, da nauyinsa, wata kuma har da zanen inda tabonsa yake. A auna, a gwada. In takarda ta ce 6.42 awo ya ba da 6.55, ba dutsenta ba ne.

Yanzu ga abin da takardar ke faɗa. Abubuwa huɗu ake aunawa: yanka, launi, tsabta da nauyi. Masu sayarwa nauyi suke fara ambata don shi ne mai shiga kunne, amma wanda ya kamata ka riƙe da hannu biyu shi ne yanka.

Daimon ba shi da hasken kansa. Hasken da ya shiga ta sama ne yake bugun fuskokin ƙasa ya dawo idon mai kallo. Zagayayyen da aka fi sani yana da fuskoki 57 ko 58, kuma kusurwarsu ce ke sa hasken ya dawo ko ya zube. In an yanka shi da zurfi da yawa, haske ya fice ta gefe, tsakiyarsa ta yi duhu kamar kan ƙusa. In ya yi faɗi babu zurfi, haske ya zube ta ƙasa, sai ka ga wani farin zobe a ciki kamar idon kifi. Me ya sa za a yanka shi haka? Domin mai yanka yana son dutsen ya cika karat ɗaya ya shiga babban farashi, sai ya bar masa kauri a ƙugu da ciki. Sakamakonsa ka biya kuɗin karat ɗaya, ka samu dutse mai faɗin milimita 6.1, wanda a yatsa bai fi mai 0.85 ba, ga shi kuma a mace. A takardar GIA darajar yanka hawa biyar ce, ka tsaya a ta sama, Excellent, in kuɗi ya matsa ka sauko zuwa Very Good, kada ka wuce nan. In kana son ƙarin tabbaci, duba zanen da ke takardar: faɗin fuskar sama ya kasance kashi 54 zuwa 58, zurfi kashi 59 zuwa 62.5, kusurwar ƙasa kusa da digiri 40.6 zuwa 41. Ƙaramin dutse mai wannan awo zai fi babba marar shi ɗaukar ido daga nesa, kuma abin da amaryarka ta gani a waya ya burge ta ke nan, walƙiyar, ba nauyin ba.

Launi ana jera shi daga D zuwa Z. D, E da F su ne garau kamar ruwan sama, G zuwa J suna da ɗan ɗumi da ido ba ya kamawa sai an jera su gefe da gefe, daga K rawaya ta fara bayyana. A nan ne za ka rage kuɗi ba tare da ka rasa komai ba. In zoben jar zinariya ce, ita kanta tana zuba launinta cikin dutsen, biyan kuɗin D asara ce, H ko I ko J ya wadatar. In fara ce, ka tsaya a G ko H. Ka sani farar zinariya shafe ake yi mata da wani ƙarfe mai suna rodiyam, yana gogewa da amfani, bayan shekara ɗaya ko biyu sai ta koma ɗan rawaya sai an sake shafawa, kuma ba kowane maƙeri ke da kayan wannan aikin ba. Ga wadda za ta zauna a Damagaram, jar ta fi kwanciyar hankali.

Tsabta kuwa maganar tabon da ke cikin dutsen ce, ana duba ta da madubi sau 10. Jerin ya faro daga FL, marar tabo sam, ya bi ta IF, sai VVS, VS da SI masu hawa biyu-biyu (1 da 2), ya ƙare a I1 zuwa I3. Babu mai yawo da madubi a gidan biki. Abin da kake nema shi ne dutsen da in ka riƙe shi taƙi ɗaya daga idonka ba ka ganin komai a ciki, kuma VS2 ko SI1 mai kyau yakan ba ka haka. Inda tabon yake ya fi sunan darajar muhimmanci: baƙin ɗigo a tsakiyar fuskar sama zai dame ta kullum, fari a gefe kuwa farce zai rufe shi. Abu biyu za ka guje wa: tsagar da ta kai bakin ƙugu, don nan ne dutse ke ɓallewa in ya bugi ƙofa ko bakin tukunya, da hazon da ke sa dutse ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara a ruwa, wanda akan samu a SI2 zuwa ƙasa. In kuma ka juya dutse a ƙarƙashin madubi ka ga wata walƙiyar shuɗi ko ruwan hoda ta gilma a layi ɗaya cikinsa, alamar an cike tsaga ce. Irin wannan ba ya jure wutar maƙeri, kuma GIA ba ta ba shi daraja.

Kada ka yanke hukunci a ƙarƙashin fitilun shago, an zaɓe su ne don su sa ko gilashi ya yi rawa. Ka fito bakin ƙofa da hantsi, ka tsaya a inuwa, ka ɗora dutsen a kan farar takarda da aka ninke, ka duba launinsa ta gefe. Sa'an nan ka kare shi da tafin hannunka daga sama. Mai kyan yanka ko a inuwar hannu zai ci gaba da haske.

A nauyi akwai dabara. Farashi ba ya hawa daidai da nauyi, tsalle yake yi a 0.50, da 0.70, da 1.00. Dutse mai 0.46 faɗinsa kusan ɗaya da mai 0.50, ido ba ya raba su, amma kuɗinsu da tazara. Ka kuma kula da zoben da aka jera ƙananan duwatsu bakwai ko tara dab da juna su yi kamar ɗaya babba, a ce maka karat ɗaya ne. Jimlar nauyinsu ake nufi, kuma ƙanana goma masu 0.10 ba su kai kusa da kuɗin ɗaya mai 1.00 ba. Ka tambaya ƙarara: dutsen tsakiya shi kaɗai nawa ne?

Ga wata magana da mai sayarwa ba zai fara gaya maka ba. Matanmu suna sayen zinariya ne da niyya biyu, ado yau, ajiya gobe. Ranar da haihuwa ta zo da matsala ko jari ya karye, ita ake kaiwa kasuwa. Daimon ba ya wannan aikin. Ranar da aka kai zoben wurin mai sayen zinariya, zai cire dutsen ya miƙo, ya auna ƙarfen ya biya kuɗinsa. Ko a manyan biranen da ake cinikin daimon, wanda ya sayi na ƙasa a shago ya dawo sayarwa yakan samu ƙasa da abin da ya biya nesa, na masana'anta kuwa kusan babu mai saye. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ka ɗauki kuɗin dutsen a matsayin kyauta da ta tafi, kada ka lissafa shi cikin dukiyar gida. Maganar da za ka ji cewa sai an kashe albashin wata biyu a zobe, daga tallace-tallacen De Beers ta fito, ba addini ba ce, ba kuma al'adarmu ba. Sadaki da akwati da gyaran ɗaki suna gaba, kada zobe ya ci kuɗinsu.

Da jaka 900 hanyoyi uku ne a gabanka. Za ka iya sayen na ƙasa ƙarami, 0.30 zuwa 0.40, faɗin milimita 4.3 zuwa 4.7, mai takardar GIA, yanka Excellent, launi H ko I, tsabta VS2 ko SI1, a kan zinariya 18. Za ka iya sayen na masana'anta mai karat ɗaya da saninka, da takardar da ta faɗi haka, a farashinsa na gaskiya, ka rage canji mai yawa. Ko ka sa mafi yawan kuɗin a zinariya 21 mai nauyi, ka haɗa da ɗan zobe mai ƙaramin dutse. In girman da ƙyallin ne suka burge ta, hanya ta biyu ta fi dacewa da aljihunka, kuma babu abin kunya a cikinta muddin ka gaya mata ko mene ne. Kada ka bari ta ɗauka na ƙasa ne, wata rana ta ji gaskiya a bakin maƙeri a gaban ƙawayenta. Ka sa ƙanwarka ko yayarta ta bincika maka wanne ta fi so, mata sun fi sakin baki a tsakaninsu.

In za ka koma wurin mutumin nan, ka je da tambaya uku: dutsen na ƙasa ne ko na masana'anta, ina lambar takardarsa, kuma zai rubuta amsar a faktir, wato takardar shaidar ciniki, ya sa hannu? In ya ce na masana'anta ne ya kawo lambar da ta fito a shafin cibiyar, to ciniki ya buɗe, ka taya ƙasa sosai. In ya ce na ƙasa ne amma babu takarda, ka yi masa godiya ka tafi. Kwana ukun da ya ba ka kada su tsorata ka, zobe ba tumatir ba ne da zai ruɓe.

In kuma saƙo za ka bayar ga mai zuwa Dubai ko Umra, kada ka ce masa kawai ya zaɓo mai kyau, wannan cinikin biri a sama ne. Ka rubuta masa abin da kake so a takarda: siffa, nauyi, yanka, launi, tsabta, cibiyar da ta gwada. Kafin ya biya, ya turo maka lambar takardar ta WhatsApp ka duba da kanka, da bidiyon dutsen a hasken rana, da hoton lambar ƙugun ta cikin madubi. Ya fi kyau a zaɓi dutsen a cire, a auna shi a gabansa, sa'an nan a ɗora. Wurin lissafi, Yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, dalar Amurka ɗaya kuma dirhami 3.67 ce, da waɗannan da canjin Yuro zuwa dala na ranar za ka gane ko an ƙara maka a canji. Faktir ta ƙunshi nauyin zinariya da lambarta, nauyin dutse, lambar takarda, kalmar na ƙasa ko na masana'anta, da sharaɗin mayarwa. Tunda akwai zinariya a ciki, malamai sun yi bayani cewa cinikinta da kuɗi hannu da hannu ake yi, in ana maganar biya kaɗan-kaɗan ka fara tambayar malaminka.

Saura ƙirar zoben, wadda mutane ke mantawa har sai dutse ya faɗi. Hannun matar gida yana aiki: wanki, kwaɓi, daka, ɗaukar yaro. Dutsen da aka ɗaga sama kamar hasumiya zai riƙa kama mayafi da leshi yana bugun komai. Ka zaɓi mai zama ƙasa-ƙasa. Farata shida sun fi huɗu, domin in ɗaya ya karye cikin shida dutsen yana nan, cikin huɗu kuwa ya kama hanya. Wanda ya fi duka tsaro shi ne wanda aka kewaye dutsen da bakin zinariya gaba ɗaya. Kaurin zoben ta ƙasa kada ya gaza milimita 1.8, siriri yana lanƙwashewa a kan taɓarya, in ya lanƙwashe kuma faratan su buɗe. Ka ja zoben a kan tsohon ɗankwali, in ya kama zare, akwai farcen da bai kwanta ba. Ka kai shi kusa da kunne ka ƙwanƙwasa da yatsa, in ka ji ƙas-ƙas dutsen yana motsi.

Awon yatsa a yi shi da yamma, lokacin da hannu ya ɗan kumbura, domin yatsa a sanyin hunturu da yatsa a zafin watan Afrilu ba ɗaya ba ne. Awon Faransa da aka fi sani a nan kewayen yatsa ne a milimita, 52 yana nufin milimita 52, shi ne kusan 6 a awon Amurka. Mafi sauƙi a karɓo wani zobenta da ke shiga yatsan daidai a tafi da shi. In daga baya sai an rage ko an ƙara, ka tambayi maƙerin ko ya saba aiki da daimon, domin wutar zugazugi kai tsaye tana ƙona fuskarsa ta bar shi fari kamar gishiri, sai an sake goge shi a wurin masu yanka. Wanda ya san aiki zai cire dutsen ko ya rufe shi da maganin kariya kafin ya kunna wuta. Zoben da aka jera wa duwatsu kewaye da shi duka kuwa ba ya raguwa ba ya ƙaruwa.

Ka gaya wa amarya daimon yana son maiƙo. Man shafawa da man girki suna manne masa ta ƙasa, ƙurar hunturu ta hau kai, cikin mako biyu ya dushe har ta ɗauka an cuce ku. Ruwa mai ɗumi da ɗigon sabulun wanke kwanoni, a jiƙa minti 20, a goge bayansa da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a ɗauraye a cikin kwano ba a bakin rariya ba. Ta cire shi in za ta taɓa ruwan jabel, wato bilic na wanki, don yana cin gaurayen zinariya har farata su yi rauni, ta cire in za ta yi daka ko ƙunshi. Ta ajiye shi shi kaɗai cikin ƙyalle, in ya haɗu da sauran gwala-gwalanta zai karce su. Duk wata shida a kai wa maƙeri ya duba faratan. Takardar gwajin da faktir kuwa ka ɗauki hotonsu a waya, ka ba ta na asalin ta adana tare da takardar aure, tunda zoben nata ne.